Ranar da Na Ce wa Taubashina Bushe

Shekarar da aka sa mana wifi a buro, wato ofishin da nake aiki a Garwa, shekarar nan na lalace da kallon masu barkwanci. Irin waɗanda mutum ɗaya zai hau dandamali, daga shi sai makirfo da gorar ruwa, ya yi ta zuba awa guda cur, jama'a na riƙe ciki. Da an tashi hutun rana, zafi ya hana kowa motsi, sai in ja kujera ƙarƙashin fanka in sauke biyu ko uku a waya. Akwai abokin aikina, mutumin kan dutse ne, Kirista, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana da gishiri. Shi ne mai zaɓa mini abin kallo. Yau ya ce in nemi na wani ɗan Duwala mai kwaikwayon direbobin bas, gobe ya ce na wata mata 'yar Abijan mai ba da labarin uwarta. In na ce wani bai ba ni dariya ba, sai ya ce ai ban kai ƙarshe ba ne, in koma.

Mun sha musu da shi a kan asalin abin. Shi ya dage cewa Turawa ne suka fara shi a gidajen shaye-shayensu. Ni kuma na ce ƙarya ne, kakana ya ba ni labarin 'yan kama, waɗanda ke shigowa kasuwa da ƙaton rawani, su zauna kamar malamai suna jan baƙi, alhali kowane layi maganar tuwo ce da miyar kuka. Babu wanda ya taɓa karanta komai a kan batun tsakanina da shi, amma hakan bai hana mu ɗaga murya ba.

Tarihin bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne, duk lokacin da na gama kallo sai in kasa zama wuri ɗaya. In tashi, in leƙa taga, in dawo. A kan moto, wato babur ɗin haya, ina hanyar gida bakina na motsi, ina gwada maganganu, har wani mai moto ya taɓa tambayata ko addu'a nake yi saboda tuƙinsa. Ina ji a jikina cewa ni ma zan iya, kuma ina jin haushin cewa babu wanda ya sani.

Gaskiyar magana, in akwai mai ban dariya a danginmu, ba ni ba ne. Taubashina ne, ɗan gwaggona, mahauci a babbar kasuwa. Wata huɗu ya ba ni. Dogo ne siriri, in ya ɗaga hannu zai sari ƙashi sai ka ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Aji biyu ya yi a lekol, makarantar boko, ya gudu ya bi ubansa mayanka. Hausa da Fulatanci kam ba a kama shi, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da lambobi ba. Tun muna yara muke wasan taubashi, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, kuma ban taɓa cin sa ba. In na ce masa busasshe, kilishin da aka manta a rana, kafin in rufe baki ya mayar mini da uku. Ranar da na fara zuwa teburinsa da taye a wuya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa maƙwabtansa, "Ku zo ku ga akuyar gwamnati. An ɗaura mata igiya, an manta da turke." Sai da mahautan layin suka ajiye wuƙaƙensu don dariya. Na ji zafi, na kuma ji daɗi, domin duk garin nan shi kaɗai ne ke da ikon faɗa mini haka.

Ana nan sai matasan unguwar Jambutu suka shirya taro a farfajiyar wata makaranta, ranar Lahadi bayan la'asar. Akwai masu waƙa, akwai masu rawa, aka ce ana neman mai barkwanci na minti biyar. Na ba da kaina tun kafin su gama tambaya. Na yanke cewa da Faransanci zan yi, tunda duk waɗanda nake kallo da shi suke yi, kuma taron ɗalibai ne da ma'aikata, Fulani da Hausawa da mutanen kudu. Na gayyaci taubashina. Ya ce zai zo ya ga yadda ake jifan mutum da takalmi. Ya kuwa zo, ya rufe teburinsa da wuri, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a layi na biyu.

Na hau. Maganata ta farko ta wuce babu ko tari. Ta biyu wata mata ta yi murmushi, ina jin tausayi ne. Ta uku na manta ƙarshenta. Na ga wasu a baya sun fara duba waya. Idona ya faɗa kan taubashina, sai na kama abin da ya fi kusa.

Da Faransanci, mahauci ana ce masa bushe. Mutum mai toshewar kai, wanda karatu ba ya shiga, shi ma ana ce masa bushe. Rubutun ne daban, a kunne ɗaya ne. Na nuna shi da yatsa na ce ga ɗan'uwana, shi bushe ne, ubansa bushe, kakansa bushe, abin gado ne. Na ce malaminsa na aji biyu ne ya fara gano baiwar, ya rubuta a takardarsa cewa yaron nan cikakken bushe ne, shi kuwa ya ɗauka shawarar sana'a aka ba shi. Nan wurin ya fashe.

Shi kuma bai ji komai ba sai kalma ɗaya da ke ta dawowa, kuma kalmar Hausa ce a kunnensa. Ya ɗauka tsohuwar tsokanar nan ce, ta ramarsa. Sai ya miƙe tsaye yana dariya, ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, ya ɗaga siraran damatsansa yana juyawa hagu da dama don kowa ya gani, yana gyaɗa kai, wai e, shi ne, ya yarda ya bushe. Mutane suka faɗo daga kan benci. Na san bai gane ba. Na ja baya, na bar masa filin, na yi shiru har dariyar ta kai inda za ta kai.

Da aka tashi ya daki bayana ya ce, "Bawana, yau ka ci. Ka zo kasuwa gobe in rama."

Ban je Litinin ba. Kafin azahar hoton bidiyon da wani ya ɗauka a wurin taron ya zagaye wayoyin garin, abokin aikina ya nuna mini shi a rukuni uku daban-daban, yana ta yi mini murna. Talata ma ban je ba. Na yi ta faɗa wa kaina cewa ai wasa ne, kuma ya faɗa mini abin da ya fi wannan muni sau ɗari. Amma ko bidiyon 'yar Abijan na buɗe ba na kai minti biyu.

Ranar Alhamis na je. Yana ganina ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a tsumma, ya jawo mini kujera, ya kira ni Mosiye, yadda ake girmama baƙo da Faransanci.

"Sannu da zuwa, Mosiye. Ya aiki? Ya iyali?"

Na ce, "Kai, kilishi, yau kuma wane salo ne wannan?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi. Wane wuri za a yanka maka?"

Na tsaya ina jiran sauran maganar, ba ta zo ba. Na koma bayan kwana biyu da tayen da ya fi kowanne muni, ja mai ɗigon ɗorawa, da gangan. Ya dube shi ya ce ya yi kyau. A rayuwata ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni irin wannan ba.

Na kai ƙara wurin gwaggo, ina zaton za ta ce ɗanta ya cika fushi. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Da wane baki kake so ya rama?" in ji ta. "Kai kana sama da abin magana a hannu, shi yana ƙasa. Ka yi da yaren da ba ya ji. Mu da muka san wasan nan, a gaban mutum ake yi, da harshen da zai iya mayarwa. Je ka, ni ba ni ka yi wa ba."

Na yi mako uku ina kai gwauro ina kai mari tsakanin buro da bakin kasuwa, in je har ƙofar layin mahauta in juya. Na roƙi waɗanda na sani su goge bidiyon, wasu suka goge, wasu suka ƙara turawa. Daga ƙarshe na shirya abin da zan yi. Wata safiyar Asabar, kasuwa cike, na tsaya gaban teburinsa na ɗaga murya yadda duk layin za su ji, na fassara maganar da Hausa tun daga farko. Na ce na kira shi daƙiƙi, na kira ubansa da kakansa daƙiƙai. Da Hausa babu abin dariya ko kaɗan a ciki, zagi ne tsirara, kuma babu wanda ya yi dariya. Na ce to ga ni a ƙasa, ba makirfo, ya rama yadda ya ga dama.

Ya ci gaba da yankan da yake yi har ya gama, sannan ya yi magana, a hankali, ni kaɗai na ji.

"Tun ranar Litinin ɗin wata mai sayen nama ta fassara mini. Ba zagin ba ne. Zagi kam mun saba. Tashin da na yi ne. Ka gan ni na miƙe ina ɗaga hannu, ka san ban gane ba. Kalma ɗaya da Hausa ta isa in zauna. Sai ka matsa gefe ka jira su gama."

Na buɗe baki in ce ban lura ba, na kasa, domin na lura sarai. A lokacin har daɗi na ji cewa na iya jiran dariya kamar gwanayen da nake kallo.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tuni. Ai kai ɗan kawuna ne."

Shekara biyu ke nan. Muna zumunci, ya zo sunan 'yata, na je jana'izar surukinsa. Wani lokaci in na doso layin daga nesa ina jiyo shi yana tsokanar wani dillalin shanu, mahauta na ta ƙyaƙyata dariya, sai in rage tafiya don in ji ƙarshen maganar. Da ya hango ni sai ya yi shiru, ya zaɓa mini wuri mai kyau, ya naɗe a takarda, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in gai da gida.