Burushin Ƙarshe na Baba Mai Kwakwa

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu tattaru. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranka, Baba, kana zaune a bencinka, zaren ɓawon kwakwa zube a cinyarka.

Shekara goma sha ɗaya ina shara a asibiti, kuma duk burushin da na riƙe kai ka ɗaura shi. Mai tauri na goge daɓe, siririn da ke shiga wuyan kwalba, zagayayye na gindin tukunya, da dogon nan mai sanda na kakkaɓe yanar gizo a rufi. Lokacin da sabulu ya tsattsaga mini tafin hannu har na kusa barin aiki, ka naɗe mariƙin da tsumma mai laushi, ka ce, "'Yata, hannun nan shi ke ciyar da yara huɗu, a lallaɓa shi."

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ina juya shi. Ranar Alhamis da azahar ina wanke barandar ɗakin haihuwa, na ɗago na gan ka tsaye da sabon burushi mai sanda. Rigarka a jiƙe take, tana warin ruwan da kake tsoma ɓawo. Ka miƙo mini, yatsunka sanyi ƙalau.

Na ce, "Baba, ai ban yi oda ba."

Ka ce, "Naki ya kusa karyewa. Kada ki hau kujera don kakkaɓe rufi."

Na juya in jingine shi, da na waiwaya babu kai, kuma babu sawu a kan jiƙaƙƙen daɓen.

Ranar Juma'a na je rumfarka in yi godiya, na tarar da 'yarka tana tattara kaya. Ita ta faɗa mini tun Laraba aka binne ka. Na nuna mata burushin. Ta daɗe tana duba murɗin wayar, irin naka na bahago, sannan ta ce a hankali, "Yaya, wannan ne a hannunsa da ya cika. Rabi ya ɗaura. Mun neme shi mun rasa."

A kammale yake, Baba. Tsohon burushina kuwa ya karye ranar Asabar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna matarka, da 'yarka, da jikokinka. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.