Zuwa Batagarawa da Kan Keken Yaya Binta

Abu uku ke riƙe da mutuncin gari: malamai, mahukunta, da keken ɗinki. In biyun farko suka gaza, a daure. In na ukun ya tsaya, kowa ya zauna a ɗaki. A shekarar da soja suka koma bariki, keken yayata Binta ya daina kama zare. Mahaifinmu ne ya saya mata shi, shekara arba'in tana ci da shi. 'Ya'yanta suka ce in bai tashi ba zuwa Juma'a, 'yan gwangwan za a ba, a sayo mata na lantarki, a unguwar da wuta ke leƙowa sau biyu a mako.

Ƙofar Durbi

Na fito ƙarfe shida saura kwata, bayan asuba, da kan keken a buhu. Na san abin da na ɗauko, don a jikinsa akwai sunan wani kamfanin Ingila da ruwan zinari, ni kuwa shekara ashirin ina koyar da Turanci. Har littafin irinsa na samo. Ɗan kabu-kabu ya ɗaga buhun, ya ce, "Malam, naira ashirin kai, goma abokin tafiyarka."

Ƙofar 'Yandaka

Ƙarfe shida da rabi na isa rumfar wani mai gyara, na sha koko da ƙosai ina jira. Ya zo bakwai da kwata. Ya duba suna, ya duba ciki, ya sake duba suna.

"Suna na Ingila, hanji ba na Ingila ba. Na Ingila gidan kwarkwaronsa, mazaunin zaren ƙasa, dogo ne kamar kwale-kwale, naka kuwa zagayayye ne. Ka kai wa Baba Ilu a Batagarawa, shi ya koya mana aiki."

Na ce masa littafi bai faɗi haka ba. Ya ce to in kai wa littafin ya gyara.

Hanya

Bas ta cika takwas da minti goma. Tafiyar ba ta wuce kilomita goma ba, amma akwai shinge. Ɗan sanda ya taɓa buhu, ya ce, "Mi ne ne wannan mai nauyi?" Na ce keken ɗinki ne, yallaɓai. Ya ce, "A gaida tela." A tsaye aka tambaye ni, a tsaye na amsa, ba durƙuso ba tsallen kwaɗo irin na zamanin soja, nan na fara yarda mulki ya canja.

Batagarawa

Baba Ilu tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Muka gaisa har kan gona da jikoki. Bai kalli rubutun ba. Ya kifa kan keken, ya bi cikinsa da yatsa, ya juya hannun yana saurare. Ya ce keke iri-iri ne, kuma ba a goshi ake gane su ba: a duba gidan kwarkwaro, a duba ta inda zare ke shiga allura, a ji kukan.

"Wanga ɗan Indiya ne. Na ɗiyar Malam Sani na Ƙofar Durbi ko? Ni na yi rubutun nan da hannuna. Ƙarfin aljihun Malam Sani bai kai na Ingila ba, ya ce kar yarinya ta ji kunya cikin ƙawayenta."

Mahaifinmu mutum ne da ko zolaya ba ya yi da ƙarya, ga shi ya yi guda, da ruwan zinari.

Sai ya shafa allura. "Wa ya sa wannan a baibai?"

Na ce littafi ya nuna haka, shi ya sa makon jiya na gyara mata zamanta.

"Littafin wani keken ne, Malam." Ya juya allurar, ya sa ƙyalle, ɗinki ya fito sumul. Ya ƙi karɓar komai sai goro.

Gida

Na iso sha ɗaya da rabi. Yaya ta ɗinke bakin zane guda, sannan ta ce, "Kayan Ingila ke nan, ba su mutuwa." Na ce haka ne, Yaya. Maganar allura kaɗai na faɗa mata.

Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Ilu. Tun daga ranar, in Yaya ta ji sallamata sai ta rufe keken da zane.