Azumin da Almasiyya Ta Ƙi Kamawa

Gwaggona, yayar babana, ita ta riƙe ni tun ina goye, kuma da almasiyya ta ciyar da ni. Madara ce ake dafawa da wasu fararen zaruruwa na busasshiyar ciyawar teku, a juye a faranti, ta daskare ko babu firji, a yayyanka. Duk azumi Gwaggo tana sayar da ita a ƙofar gidanmu a unguwar Mansur, nan Makka, bayan la'asar. Ma'auninta hannunta ne: damƙa guda, tukunya guda. Shekara ashirin bai taɓa ba ta kunya ba.

Wani azumi almasiyya ta ƙi kamawa. Faranti huɗu, duk ruwa tsululu. Muka sha abinmu da ludayi kamar kunu. Kwana uku ana haka, sai Gwaggo ta wanke tukunya ta kife, ta ce, "Halas, shi ke nan. Hannun ya mutu. Bayan Sallah zan miƙa kaina tarhil." Can ake tara marasa takardar zama a mayar da su ƙasarsu, kuma wanda ya bi ta nan sai dai a ji labarinsa. Ni aure ya ba ni takarda, ita ba ta taɓa samu ba. Hankalina ya tashi sosai, don ban san Makka babu Gwaggo ba.

Na kwashi ragowar zaren na nufi unguwar Utaibiyya, shagon wani dattijo mutumin Jawa da muke saye a hannunsa, da niyyar rigima. Ya murza, ya shinshina, ko a jikinsa. Ya ce wannan na damina ne. In aka ciro ciyawar lokacin da ruwan sama ya salamce gishirin teku, ga babu ranar shanya ta kirki, ƙarfinta kaɗan ne. Ta rani ta fi kamawa. Wai in ƙara rabin damƙa kawai. Ni da na girma a garin da ake fita kallon ruwan sama, ranar na fara jin cewa teku ma yana da damina.

Na dawo na dafa da kaina, ta kama har tana rawa a faranti. Na kai mata, baki har kunne. "Shufi, ya Gwaggo, duba! Ba hannunki ba ne, ciyawar ce."

Ta jira aka kira magariba, ta ɗanɗana, ta ce sukari ya yi yawa. Sannan ta ce, "Ke yarinya, ni za a koya wa zare? Tun da na jiƙa shi na san na damina ne."

"To don me kika bar shi ya lalace?"

"Shekara talatin ban ga gero a tsaye ba. Da na ce miki gida nake so, za ki bar ni?"

Ba zan bar ta ba, kuma ta sani. Bayan Sallah da mako biyu na raka ta, jakarta guda ɗaya, ni na riƙe mata har bakin ƙofar tarhil.