Ɗaya ga Watan Janairu

Har gobe ban manta da Talatar da Baba Idi ya shigo biro, wato ofishinmu, yana huci ba. Lokacin sojoji ne bisa mulki, gadar kan iyaka a rufe, kamiyo, wato babbar motar kaya, ba ya barin Gaya sai cikin ayari da rakiyar soja. Sandika, wato ƙungiyar direbobi, ta ɗauke ni na rubuta mata tsarin layi a intanet: direba ya shiga da lambar salularsa da kod na sirri, ya sa sunansa, ya ga ranar tashinsa.

Baba Idi mutumin Tunuga ne, ya fi shekara talatin bisa sitiyari. Ya yi lodin albasa, ayari zai tashi washegari, sai ya tarar sunansa ya ɓace daga layi. In ya rasa wannan tafiya, albasar ruɓewa za ta yi.

Perzidan, shugaban sandika, ya kira ni gaban kwamiti. "Ɗana, na'urarka ta ce da kansa ya janye. Shi kuma ya rantse. Wa ke ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

"In la'asar ta wuce, kaye za mu koma, littafinmu na rubutun hannu, kai kuma ka nemi wani aikin."

Nan take na koma kan na'urata. Na buɗe bayanan sarwar, wato babbar na'urar da ke ajiye duk shiga da fita. An sauya kod ɗin Baba Idi da hantsin Litinin, daga wata salula daban, sannan aka janye sunansa. Ta yaya? Ai ni ne na tsara cewa wanda ya manta kod ya faɗi ranar haihuwarsa, kamar yadda muka koya a makaranta. Na duba ta Baba Idi: ɗaya ga Janairu. Na duba na ƙasa da shi, haka. Na gaba, haka! Dattawan nan ba a asibiti aka haife su ba. Ranar da aka yi musu takardu, duk ita aka liƙa musu.

Da la'asar na ajiye ordinatar, wato kwamfuta, gaban kwamiti. Na buga lambar Perzidan, na sa ɗaya ga Janairu, sai ga mu cikin shafinsa.

"Kai! Wa ya ba ka sirrina?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Duk mai lambarka zai iya. Laifina ne, ba na Baba ba."

Nan take aka mai da sunan Baba Idi. Wanda ya yi aikin ma lambarsa ta fito, kwamiti ya ji da shi.

Cikin kwana uku na rushe waccan ƙofar. Na ɗauko al'adar tasha: ba a karɓar sabon direba sai mutum biyu sun tsaya masa. Yanzu wanda ya manta kod, sai shaidunsa biyu sun amince daga nasu saluloli kafin sarwar ta buɗe masa. Tun daga nan ba a sake sace layin kowa ba.

Baba Idi da ya dawo ya leƙo biro. "Ɗana, an ce in zaɓi shaidu. Sa sunanka na fari." Cike da daɗi na sa sunana.

Ku matasa, kafin ku rubuta ƙofar shiga, ku je ku zauna da masu shigar. Takarda ba ta san Baba Idi ba, mutanen tasha ne suka san shi.