Mariƙin da Yaya Bai Ƙarasa Gogewa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran sandunan fatsa a ɗan shagon nan na kan hanyar zuwa bakin ruwa. Bai yi jinya ba. Ya buɗe shago, ya ɗora ruwan wanke mariƙai a wuta, ya ce wa maƙwabcinsa mai walda ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Yaya, mutane da yawa sun zo gaisuwa, kowa da abin da yake tunawa. Wani ya ce ka ɗaure masa sandar da ta karye gida biyu. Wani ya ce ka taɓa korarsa daga shago don ya wanke mariƙin sandarsa da fetur. Wannan kam na yarda, don na san faɗanka a kan mariƙi. Da ɓawon itacen nan mai laushi ake yin sa, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, kuma kai a wurinka ba a yi masa garaje. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori, sai a shanya a inuwa. Inda ya yi rami ka kwaɓa garin ɓawon da gam ka cike, ka bi da samfefa mai laushi, ka shafe da kakin zuma. Tun ina yarinya nake maka tsiya cewa ka fi tausayin sanda a kan mutane. Kai kuma ka ce, "Auta, sanda ba ta mayar mini da magana."

Ni abin da zan tuna ka da shi daban ne, kuma ina so a sani.

Bara waccan maigidana ya faɗi a tashar mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya babbar mota ya dawo gida ko cokali ba ya iya riƙewa. Mutanen asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙafa ta fara takawa, baki ya saki. Hannun ne ya ƙi. Yatsun sun tsaya a buɗe, ba su miƙe ba, ba su dunƙule ba. Aka ba shi ƙwallon roba don ya riƙa matsawa, sai ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Ya juya fuska ga bango, ya daina karɓar baƙi, abinci sai na yi da gaske. Wallahi na ji tsoro, domin na ga ba ciwon ne zai kashe shi ba, shi ne ya saki kansa. Rannan ya ce in sauko da sandar fatsarsa daga bayan ƙofa in kai maka, ka ba duk wanda ka ga dama.

Ka karɓa ka ajiye ta a shago. Ku biyun ai tun kafin ya aure ni kuke zuwa bakin ruwa tare, kana kiransa Direba, yana kiranka Mai Sanda. Na zaci za ka zo ka yi masa nasiha. Shiru, har na fara jin haushinka.

Ranar wata Asabar sai ga ka da sandar. Ka naɗa wa mariƙin sabon ɓawo a kan tsohon, ya yi kauri kamar taɓarya. Ka wuce ni a falo, ka shiga ɗaki ka zauna a bakin gado.

"Direba, tashi. Aiki ya tsaya mini, ba ya ƙarasuwa sai da hannun mai shi."

"Na ce ka bayar da ita."

"Wa zai karɓi wannan abin kunya? Sai na gyara tukuna. Kawo hannun."

Ka cusa masa mariƙin a tafin hannu. Saboda kaurinsa, yatsun nan da suka tsaya a buɗe suka zauna a kansa daidai. Ka saki, sandar ba ta faɗi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga maigidana yana kallon hannunsa, ya daɗe bai ɗago ba. Ka ciro fensir daga bayan kunne ka zana inda kowane yatsa ya tsaya, ka ce ranar da mariƙin ya koma girmansa na da, ranar za ku koma bakin ruwa.

Daga nan kowace Asabar kana tafe da ƙaramin bokiti da buroshi da samfefa. Ka wanke mariƙin da ko ƙarnin kifi bai ji ba, ka jira ya sha iska kuna hira, ka ba shi ya riƙe. In yatsun sun wuce zanen fensir, ka goge ɓawon kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda sai ya ƙara matsawa kafin ya riƙe. In ba su wuce ba, ka tattara kayanka ka ce yau malalaci ya hana ka aiki. Shi kuma don kada ka faɗi haka, sai ya wuni yana matsa mariƙin, har ƙwallon nan ya sa aka zaro masa daga ƙarƙashin gado.

Ni kuwa me nake yi? Mita. Garin ɓawo a kan kujeru, a cikin labule, har a kofin shayi. Na ce Yaya, don Allah ba ka da shago ne? Ka ce shagon ba shi da mai kawo shayi. Akwai lokacin da aka yi makonni yatsun ba su motsa ba, maigidana ya yi jifa da sandar har ta bugi ƙofa, ya ce a daina wahalar da shi. Ka ɗauka, ka duba ko ta tsage, ka jingine ta a inda hannunsa zai kai. Asabar ta gaba ka dawo kamar ba a yi ba.

A Asabar ɗinka ta ƙarshe ka shafa mariƙin ka ce saura ƙiris, tsohon ɓawon ya fara leƙowa. Har kun yi gardamar wanda zai sayo sabon zare.

Da labarin rasuwarka ya zo, kukana biyu ne, ba zan ɓoye ba. Ina kukan ɗan'uwana, ina kuma kallon maigidana da ya yi shiru irin shirun nan da na sani. Na ce a raina shi ke nan, zai koma ga bango, kuma wanda zai juyo da shi ya tafi. Sai kawai ya ce, "Miƙo mini rigata."

A gidanka, bayan an yi maka sutura, muna daga cikin zaure mu mata muna leƙe lokacin da maza suka zo ɗaukar makara. Na ga maigidana ya ratso mutane yana jan ƙafa. Ya miƙa wa mai walda sandar da yake dogarawa. Wani ya ce, "Baba, bari mu ɗauka," bai ko dube shi ba. Ya ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen makarar, yatsun suka rufe a kai, duka biyar. Ƙarfen nan bai kai kaurin mariƙin da ka bari ba, Yaya. Bai yi nisa da kai ba, iyakarsa bakin titi aka karɓe shi. Amma ya ɗauke ka.

Asabar da ta wuce ina kicin ya kira ni, ya ce in kawo ruwan ɗumi da sabulu. Da kansa ya wanke mariƙin, ya jingine shi a inuwa. Na kawo masa samfefar da ka manta a kan tagarmu, ya ce in mayar, ba mai ƙara goge mariƙin, haka zai je da shi bakin ruwa. Garin ɓawon da ya maƙale a labulena ma har yau ban kakkaɓe ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta haƙura da kai kowace Asabar ba ta taɓa yin ƙorafi ba, da 'ya'yanka, da maƙwabtanka na layin shago, da duk wanda ya taɓa kawo maka sanda. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci abin da ka bari. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sanya haske a cikinsa, ya sada ka da iyayenmu a gidan rahama. Ka mayar wa maigidana hannunsa na dama, Yaya. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya miƙa maka naka a hannun dama. Amin.