Yaya Sale da Gardamar Jiragen Baƙi

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Tudun Wada. Har yau idan na ji rediyo na batun tura sojoji wata ƙasa, shi nake tunawa.

Yayana ne, mai walda. Ya daɗe yana aiki a Libiya, ya dawo ta hamada da rigar jikinsa kaɗai lokacin da jiragen Turawa suka taya 'yan tawaye kifar da shugaban ƙasar. Bai taɓa wanke shugaban ba, domin shi ma ya sha tsarewa a can ba tare da laifi ba. Amma da ya ji gwamnatinmu ta goyi bayan abin da aka yi, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Abokin gardamarsa shi ne Malam Habu, malamin makaranta daga Kiru, wanda ke zuwa shagonsa duk ranar kasuwa. Malam Habu na ganin idan azzalumi ya fi ƙarfin mutanensa, ba laifi a kawo musu ɗauki ko daga ina ne. Yaya kuwa yakan ajiye ƙarfen hannunsa ya ce, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Waɗanda suka yanke shawarar nan, wa suka tambaya cikinmu da muka zauna can?"

Bai rayu ya ga yadda bindigogin da suka kwararo daga Libiya suka yi arha ba, har makiyayan Doguwa suka riƙa tsoron shiga daji da shanunsu. Da aka yi ta maganar kai yaƙi Nijar bayan juyin mulki, na yi ta tunanin me zai ce. Na san ba zai yi murnar cewa maganarsa ta fito ba. Zai dai ce sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, mu fara duba namu bangon.

Malam Habu bai sauya ra'ayi ba har yau, kuma ban isa in raba musu gardama ba. Amma shi ya wanke gawar Yaya, shi ya riƙe Nura, ɗan marigayin, har ya gama makaranta. Kwanakin baya na tarar da su biyun suna musu a kan Nijar. Dattijon ya juyo gare ni yana share ido, ya ce, "Yaron nan ba ya bari in ƙarasa magana. Allah ya jiƙan Sale."