Ƙwan da Ya Ƙi Mutuwa a Kicin ɗin Mama Winifred

Duk wanda ya yi firamare a Samaru shekarun baya, da wuya a ce bai sha ranƙwashin Mama Winifred ba. Yanzu kam ta ajiye alli, gwiwoyi sun ce ba da su ba, ita kaɗai ce a gidan da mijinta, marigayi Raphael, ya bar mata a Palladan. Kafinta ne shi, amma irin mutanen nan da ba su yarda akwai aikin da ya fi ƙarfinsu ba. Har wayar wutar gidan shi ya ja, da ragowar da ya tsinto a kasuwar Sabon Gari, duk baƙa. In an yi magana ya ce wuta ba ta san launi ba.

Tukunyar wake ce ta jawo maganar. Ta ɗora a rishon lantarki, aka ɗauke wuta, ta tafi zumuntar mata a coci ba ta kashe ba. Wuta ta dawo ba ta nan, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa saboda hayaƙi. Ɗanta Julius ya taso daga Legas rai a ɓace, da wani farin fulogi a aljihu, irin wanda ake kashewa daga wayar salula ko mutum yana wani gari. Ya jona risho da ƙwan kicin a jikinsa, ya kafa mata sharaɗi: in abin ya yi aiki ta zauna, in bai yi ba ta haɗa kaya ta bi shi.

Ta san zaman Legas ɗin. Bene ne can sama, a wuni ba mai ce mata sannu da Hausa. Nan kuwa ga cocinta, ga zogalenta, ga kabarin mijinta.

To, abin bai yi ba. In Julius ya kashe daga can risho ya huce, amma ƙwan ba ya mutuwa duka, sai ya bar ɗan haske kamar garwashi a cikin toka. In ta taɓa gefen rishon da danshi a hannu kuma, ta ji ya ɗan ja ta. Ta yi gum da bakinta, duk kiran da zai yi ta ce lafiya lau, har ɓoyon ya fi gwiwar gajiyar da ita. Akwai kuma abin da ba ta faɗa wa kowa. Kicin ɗin ba shi da taga, Raphael kuwa bai taɓa barin ta shiga cikinsa da duhu ba, kullum shi ke riga ta ya kunna. Ɗan hasken nan sai ya zame mata kamar har yanzu ana riga ta.

Ranar da rishon ya ja maƙwabciyarta Lovelyn asiri ya tonu. Lovelyn ta ce ko a kira mai gyara, ko ita ta kira Legas. Aka aika wa Elias, mai gyaran wuta a Sabon Gari, tsohon ɗalibinta, shi ma har ya fara furfura. Ya kwance soket ɗin bango, ya sa testar gwada wuta a wayoyin, ya girgiza kai.

"Mama, fulogin bai da laifi. Waya biyu ke shigowa, mai wuta da ta komawa. Mai wutar aka yi shi ya yanke. To Baba ya juya su a bango, sai fulogin yake yanke ta komawar, mai wutar na nan da ranta."

"Wato shekarun nan duka a baibai muke zaune?"

"A baibai, Mama. Allah ne dai ya tsare."

"In ka juya, ƙwan zai mutu duka?"

"Murus."

Ta zauna a kan turmi tana murza gwiwa. "Ba yadda za a bar mini ɗan hasken, ɗana?"

Elias ya dube ta, ya sunkuyar da kai. "In na bar shi, jan ma na nan. In Julius ya tambaye ni kuma, ba zan yi masa ƙarya ba. Ke kika hana mu ƙarya tun muna aji."

Ta so ta ranƙwashe shi, ba ƙarfi. Ta daɗe tana kallon ƙullin da Raphael ya yi wa wayoyin, irin ƙullinsa na igiyar katako. Sannan ta ce, "Juya."

Aikin bai kai tafasar ruwa ba. Elias ya kira Julius ya ce ya kashe daga can, su gani. Fulogin ya yi ƙas, kicin ya yi baƙi ƙirin da rana tsaka.

"Ya mutu?" in ji Julius ta waya.

"Ya mutu," ta ce.

"Madalla. To ki zauna abinki, Mama."

Ta yi masa godiya, ta raka Elias bakin ƙofa, ta ce ya gaida iyali. Gidan dai ya tsaya mata, abin da take nema ke nan, amma ta rasa inda za ta samo murnar. Ta dawo ta tsaya a ƙofar kicin tana jiran idonta ya saba. Da ta ga ba zai saba ba, ta dafa bango ta shiga da lalube.